TUKUNYAR MARAYA: DARASI DAGA WANI FIM NA ƘASAR JAPAN

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Shugaban halitta, wanda ya tashi maraya, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwa masu karatu, darasinmu na wannan mako a kan haƙƙin maraya ne, kuma za mu ɗauko misalinsa daga finafinan zane na ƙasar Japan, waɗanda samarinmu suka sani da sunan anime. Malamai sun yi saɓani game da hukuncin zanen mai rai, to amma abin da muke nufi a nan shi ne labarin da izinar da ke cikinsa.

Sunan fim ɗin Hotaru no Haka, watau Kabarin Maƙesu, ƙwarin nan masu walƙiya da dare. Isao Takahata ne ya shirya shi a kamfanin Studio Ghibli, aka fitar da shi a shekarar 1988. Asalinsa kuwa gajeren labari ne da Akiyuki Nosaka ya rubuta a 1967, mutumin da yunwa ta kashe ƙanwarsa a zamanin Yaƙin Duniya na Biyu.

A watan Yuni na 1945 jiragen Amurka suka yi wa birnin Kobe ruwan wuta. Wani yaro Seita, ɗan shekara 14, da ƙanwarsa Setsuko, 'yar shekara 4, suka rasa mahaifiyarsu, alhali mahaifinsu hafsan sojan ruwa ne yana bakin daga. Suka koma gidan wata 'yar'uwarsu a garin Nishinomiya. Da fari ta karɓe su, har ta sa aka musanya tufafin marigayiyar da shinkafa. Da abinci ya yi wuya sai ta soma gori, tana fifita mutanen gidanta wajen rabo, tana cewa yaran ba su tsinana wa ƙasa kome. Yaro ya yi zuciya, ya sayi murhu, suka raba tukunya. Daga bisani ya ɗauki ƙanwarsa suka koma wani kogon ɓuya a bakin tafki. Yarinya ta rame, likita ya ce yunwa ce, ya sallame su hannu wofi. Ta rasu jim kaɗan bayan Japan ta miƙa wuya a watan Agusta, shi kuma ya bi ta ranar 21 ga Satumba a tashar jirgin ƙasa ta Sannomiya, mutane suna ratsa shi suna wucewa.

To, mu duba harshen Larabci tukuna. Yatimu shi ne wanda mahaifinsa ya rasu tun bai balaga ba. Wanda ya rasa uwa kaɗai ana ce masa ajiyyu, wanda ya rasa duka biyu kuwa laɗimu. Asalin kalmar yatimu tana nuni ne ga kaɗaici, shi ya sa Larabawa ke kiran lu'ulu'un da ba shi da na biyu da wannan suna. Ashe ke nan ciwon maraici kaɗaici ne, maganinsa kuwa a jawo yaro cikin jama'a. An ambaci maraya sau 23 a cikin Alƙur'ani mai girma.

Abu na farko da za mu lura shi ne raba tukunya. Abu Dawuda da Nasa'i sun ruwaito daga Ibnu Abbas cewa yayin da gargaɗi mai tsanani ya sauka game da cin dukiyar maraya, sai Sahabbai suka tsorata, kowa ya ware abincin marayan da ke hannunsa daban, har ragowar ta riƙa lalacewa. Abin ya yi musu nauyi, suka kai kuka ga Annabi (S.A.W.), sa'an nan aya ta 220 ta Suratul Baƙara ta sauka, ta halatta a gama cimaka da su, ta kira su 'yan'uwa. Sahabbai tsoron Allah ne ya sa suka raba, duk da haka aka mai da su ga tukunya ɗaya. Ina kuma ga wanda rowa da gori suka sa ya raba?

Na biyu shi ne harshe. Matar nan ba ta kori yaran ba, ba ta kuwa ɗaga hannu ta doke su ba. Magana ce kurum, kullum kaɗan kaɗan, har zaman ya gagara. Suratud Duha ta hana a rinjayi maraya da ƙasƙanci, Suratul Ma'un kuwa ta sanya tunkuɗe shi cikin alamomin mai ƙaryata ranar sakamako. Wanda ya ciyar da maraya da hannu, ya kuma soke shi da baki, yana rushe ginin da ya yi ne.

Na uku shi ne hankalin yaron kansa. Seita yana son ƙanwarsa matuƙa, amma yaro yaro ne. Wani manomi ya ba shi shawara ya koma ya ba matar haƙuri, domin rabon abinci na hukuma ta hannun ƙungiyar unguwa yake bi, ya ƙi. Kuɗin mahaifiyarsa da ke banki suna hannunsa, ba su cece su ba. Don haka ne aya ta 6 ta Suratun Nisa'i ta yi umurni a jarraba marayu, kada a miƙa musu dukiyarsu sai sun balaga, an kuma ga shiriya tare da su. Da a ce babba ya tare ƙofa ranar da suka ɗaure kaya, da labarin ya sake.

Na huɗu shi ne alhakin jama'a. Manomi ya gani, likita ya gani, ɗan sanda ya gani, kowa ya ɗauka aikin wani ne. A shari'armu ceton wanda yunwa za ta halaka farilla ce ta kifaya: in wasu sun yi ta faɗi a kan saura, in kowa ya bari kuwa duk wanda ya sani kuma yake da iko ya shiga zunubi.

Jama'a, rikicin Barno da hare-haren 'yan bindiga a Zamfara da Katsina sun bar mana marayu masu yawa, da dama cikinsu suna zaune a gidajen baffanni da kawunnai. Kowane maigida ya bincika ya ga kwanon da ake zuba wa ɗan marigayi, ya kuma saurari irin maganar da ake gaya masa in an ga maigidan ya fita. Buhari ya ruwaito daga Sahlu ɗan Sa'adu cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya yi nuni da manuniyarsa da yatsan tsakiya domin nuna kusancinsa a Aljanna da mai ɗaukar nauyin maraya.

Allah Ya sanya mu cikinsu, Ya tausasa zukatanmu da harsunanmu, Ya ji ƙan iyayenmu, amin. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.