Aikin Leza ga Idon da Ba Ya Ganin Kusa: Me Ya Sa Gyaran Kan Ja Baya?

Ɗalibin da yake iya karanta allo daga bayan aji, amma kansa ya yi ta ciwo idan ya duƙufa a kan littafi, mai yiwuwa ƙwayar idonsa ta gaza tsawo ne. A irin wannan ido, hasken da ya shiga bai gama haɗuwa wuri guda ba yake isa ga tantanin gani da ke can baya, sai hoto ya fito dishi-dishi. Tabarau mai tudu a tsakiya shi ne tsohon magani.

Tun 1983, lokacin da likita Stephen Trokel na Amurka ya nuna cewa hasken leza na iya kankare fatar gaban ido, wato koniya, ba tare da ƙona gefenta ba, masana suka samu wata hanyar. Kaurin wannan fata bai wuce rabin milimita da kaɗan ba, kuma ita ce take yin mafi yawan aikin lanƙwasa haske. Ga mai matsalar ganin nesa, tsakiyarta ake kankarewa ta baje. Ga mai matsalar ganin kusa kuwa, dole tsakiyar ta ƙara tudu. To, leza ba ta ƙari, ragi kawai take yi. Don haka sai a yi rami mai kama da zobe kewaye da tsakiyar, kamar manomin da ya kwashe ƙasa a gefe don kunya ta tashi.

A nan wahalar take. Jiki yana ɗaukar wannan rami a matsayin rauni, sai ƙwayoyin saman koniya su yi ta cike shi sannu a hankali, tudun ya ragu. Shi ya sa sakamakon ya fi kyau ga masu ƙaramar matsala, kimanin diyofta 3 zuwa 4, wato ma'aunin ƙarfin tabarau. Sama da haka, gyaran kan ja baya cikin shekaru.

Akwai kuma dalili na biyu da marasa lafiya ba su cika sani ba. Idon matashi yana ɓoye wani ɓangare na matsalar, domin tsokar cikinsa tana matsa madubin ido ya cike giɓin. Bayan shekara 40 madubin yakan taurare, abin da ke ɓoye ya fito fili, tabarau na karatu ya dawo ko da aikin ya yi kyau. Bushewar ido ma kan biyo bayan aikin, galibi na 'yan watanni.