Zuwa ga ƙannena 'yan ƙwallo: kada ku kai zazzaɓi fili



Ƙannena, hunturu ya kama, kuma na san yadda filayenku suke da asuba. Hazo ya rufe raga, rabinku na jan majina, wani na tari kamar ƙirjinsa zai tsage, amma babu mai yarda ya kwanta a gida, don kowa na tsoron kada koci ya ba wani rigarsa. Tsoron nan na san shi, shi ya sa na zauna na rubuto muku.

Akwai maganar da na taso ina ji a bakin fili, ni ma na sha faɗa wa na ƙasa da ni: wai idan zazzaɓin mura ya kama ka, ka zagaya fili sau goma, gumi zai fitar da shi. Ba gaskiya ba ce, kuma ina roƙon duk wanda ya ji ta daga bakina ya yafe mini. Gumi ruwa ne da gishiri, ba ya kore ƙwayar cuta. Abin da yake yi wa mai zazzaɓi shi ne ya ƙara tsotse ɗan ruwan da ya rage masa.

Amma ba wannan ne babban abin da nake ji muku ba. Ƙwayoyin bairos masu kawo mura, da mura mai zafi, da korona, ba kullum suke tsayawa a hanci da maƙogwaro ba. A jikin wasu mutane ƙalilan sukan kai ga tsokar zuciya, su sa ta kumbura. Idan ka yi targaɗe, sai a ɗaure ƙafar, ka ɗora ta kan matashi har ta warke. Zuciya fa? Ba a ɗaure ta, ba ta zuwa hutun rabin lokaci, dare da rana tana aiki. Hutun da za ka iya ba ta kawai shi ne kada ka ɗora mata gudu. Idan ka tilasta wa kumburarriyar zuciya ta buga sau 180 a minti ɗaya, bugun na iya rikicewa, sai a ga saurayi majiyi ƙarfi ya yanke jiki ya faɗi, ba wanda ya taɓa shi.

Kun san Alphonso Davies na Bayern Munich, wanda aka haifa a sansanin 'yan gudun hijira na Buduburam a Gana. A watan Janairun 2022, bayan ya yi korona, likitocin ƙungiyar suka duba shi suka ga alamar kumburi a tsokar zuciyarsa. Kumburin ma ba mai tsanani ba ne, amma nan take aka hana shi atisaye. Bai sake buga wasa ba sai a watan Afrilu. A tsakanin nan Kanada ta samu gurbin zuwa gasar cin kofin duniya, karo na farko tun 1986, shi kuwa yana gida yana kallo. Ku auna zafin wannan a ran matashi ɗan shekara 21. Ya daure. A watan Nuwamba, a Katar, shi ne ya ci wa Kanada ƙwallonta na farko a tarihin gasar ta maza, a ragar Kuroshiya. A wancan Janairun na 2022 dai Gabon ta mayar da kyaftin ɗinta Aubameyang Landan daga gasar Afirka a Kamaru, bai buga ko wasa ɗaya ba, saboda gwajin bayan korona ya jefa shakku a kan zuciyarsa. Da aka sake gwadawa aka ga lafiya lau take. Ni a wurina ba a yi asarar komai ba.

Wani zai ce ai Noah Lyles ya yi tseren mita 200 da korona a gasar Olamfik ta Paris a 2024, har ya zo na uku. Haka ne. A keken marasa lafiya aka fitar da shi daga filin, kuma likitoci na tsaye a kansa. Kai wa ke tsaye a kanka a filin unguwa?

Tunda ba mu da na'urar duba zuciya a bakin fili, sai ku riƙe ma'aunin da likitocin wasanni suka daɗe suna koyarwa, wato wuya. Idan ciwon daga wuya ya yi sama, majina ce kawai da atishawa, kana iya motsa jiki kaɗan ka ji yadda jikin zai amsa. Idan ya sauko ƙasa, da zazzaɓi, da ciwon gaɓoɓi, da tari daga ƙirji, da kasala, to ka ajiye takalmin. Ka je a gwada jininka ma, domin a ƙasarmu zazzaɓin cizon sauro kan fara da irin waɗannan alamu. Kada kuma ka haɗiyi fanadol don jikin ya yi sanyi ka shiga fili. Ka rufe bakin ciwon ne kawai, yana nan. Kafson da ake saya a kemis don kashe bakteriya ba ya yi wa bairos komai.

Ku koyi ƙirga bugun zuciyarku tun kuna lafiya. Da farkawa, kafin ka sauko daga shimfiɗa, ɗora yatsu biyu a wuyan hannu ka ƙirga na minti ɗaya. Bayan jinya, idan ka ga ya ɗara yadda ka saba da kamar bugu 10, jikin bai gama yaƙi ba. Jiki magayi ne, in an saurare shi.

Idan zazzaɓin ya sauka da kansa ba da magani ba, ka ƙara kwana ɗaya cur aƙalla. In kuwa ciwon ya kayar da kai sosai, ka ba shi kamar mako. Sannan ka fara da tafiya ko sassarfa ta minti 15, wadda za ka iya hira a cikinta ba haki. Washegari, in ka tashi garau, ka kai rabin awa, ka ɗan taɓa ƙwallo. Daga nan atisaye da 'yan'uwa, wasa kuwa shi ne na ƙarshe. Ranar da ka ji jikin ya koma baya, kai ma ka koma mataki ɗaya baya. Amma ciwon ƙirji, ko faɗuwar gaba ba dalili, ko jiri, ko hakin da ya wuce aikin da ka yi, waɗannan ba a gwada musu dauriya. Ka tsaya a take, ka tafi asibiti, ka ce a duba zuciyarka. Idan aka tabbatar da kumburin, hutun wata uku zuwa shida ne, kuma likita ne zai sallame ka, ba koci ba.

Ku daina kuma zagaya gorar ruwa ɗaya baki goma sha ɗaya. Ta nan murar mutum ɗaya ke zama ta ƙungiya.

Kai kuma kyaftin, nauyin nan a wuyanka yake. Ƙaramin yaro ba zai iya buɗe baki ya ce wa koci ba shi da lafiya ba. Idan ka ga idonsa ya yi ja, ka taɓa goshinsa ka ji zafi, kai za ka je ka faɗa, ka kuma roƙa a ajiye masa rigarsa har ya dawo.

Wassalam,
Yayanku.