Darasi: Lissafin Kayan Dakali Da Rumfa A Bayan Gida

Da sunan Allah. Bayan haka, ya 'yan'uwa 'yan kasuwa da dillalai na Wurno da Birnin Kudu da Gwaram, ga kaka ta gabato, buhu kuwa idan ya kwana a ƙasa danshi da gara ne abokansa. Mai son dakali da rumfa a bayan gida ya yi lissafi kafin ya kira magini.

Ku sani girman dakali daga kaya ake yanke shi. Bulo mai inci 9 tsawonsa ƙafa ɗaya da rabi ne. Katako ƙafa 12. Fallen kwano ƙafa 6. Wanda ya shata ƙafa 13 don ya burge maƙwabta, to zai sayi katako biyu inda ɗaya ya isa, guntaye su tafi murhu. Mu dai muna shata ƙafa 12 da ƙafa 9.

To kewayensa ƙafa 42 ke nan, watau bulo 28 a kowane layi. Layi uku za a yi, ɗaya cikin ƙasa biyu a sama: 84. A ƙara 6 saboda fashewa a amalanke, 90. Buhun siminti, na Ashaka ne ko Dangote ko BUA, kilo 50 ne, kuma yana ɗora bulo kamar 50. Buhu 2 ke nan, da yashi kwanon sarki 24.

Sai a cika ciki da jar ƙasa, a yayyafa ruwa a daddaɓe, a bar ta kwana biyu ta zauna. Nan masu gaggawa suke asara, domin daɓen da aka zuba kan ƙasa mai laushi ba ya ganin damina biyu sai ya tsage.

Daɓe kaurin inci 3 ya wadatar. Kowane buhu a ba shi yashi kwano 4, tsakuwa kwano 8. Buhu 5 zai ci, yashi 20, tsakuwa 40. A ƙara buhu 1 na yaɓe, jimla 8. Magini in ya ce 12, a tambaye shi ina huɗun za su. In ya ce 5 sun isa duka, yashi zai zuba muku. Tsakuwa kuwa ƙasarmu ta dutse ce, ba ta wuya, sai dai a duba kada a haɗo da ƙasa.

Kwano: fallen ƙafa 2 kawai yake rufewa bayan an ɗora wani kan wani. Faɗi ƙafa 12, da zubi ƙafa ɗaya kowane gefe, 14, watau falle 7. Jeri biyu, 14. Bandir 20 ne, shida za su ragu. Kada a sayar, a tare gefen gabas da su, tunda hadari daga can yake zuwa mana.

Ginshiƙi 6. A ganinmu azarar giginya ta fi katako, gara ba ta cika samun ta ba. Wanda bai samu ba ya shafe gindin katakon da baƙin mai. Sai tu-bai-fo 8 da tu-bai-tiri 6, da kusar kwano mai hula.

Kuɗi kuwa a tambayi farashin ranar, a rubuta kowane kaya daban, ladan magini da kafinta daban, ruwa da dako daban. Siminti shi ake saya ƙarshe, don ba ya jimirin ajiya. Wassalam.