Darasin Turanci: Kalmar "Limp" Baki Biyu Gare Ta

A nan Injamena takardun shanunmu da Faransanci ake cika su, ciniki kuwa da Larabcin Chadi. Amma duk wanda ya haye gadar Ngeli zuwa Kusiri, ya bi ta Fotokol ya faɗa Gamboru Ngala, to, ya shiga Nijeriya, inda likitan dabbobi ke rubutu da Turanci. Shi ya sa yau muka ɗauko kalmar "limp". Bakinmu ya fi sabawa da "limf", ba laifi, za a gane.

Ma'anarta ta farko ɗingishi. In likita ya ce "this bull is limping", nufinsa bijimin nan yana ɗingishi, abin da likitocinmu na nan ke rubutawa "boiterie". Wanda ya sha tafiyar ƙasa tun daga Masaget ko Durbali, ba mamaki kofato ya gaji, ko ƙaya ta shiga. Wannan hutu da wanke ƙafa sukan ishe shi, kada dillali ya karya mana kuɗi a kansa. Amma fa a buɗe bakin a duba. In ga yawu na dalala, ga ƙuraje a harshe da tsakanin kofato, alamar ɓoru ce, mai saurin bin garke. A ware shi nan take.

Ta biyun ita ce mai nauyi. In aka ce "the cow is limp", babu "ing" a ƙarshe, ba maganar ƙafa ake yi ba. Jiki ne ya saki gaba ɗaya, kamar tsumman da aka jiƙa: a ɗaga wuya ya koma, a ɗaga wutsiya ta faɗi. Wannan ta wuce "weak", wadda ke nufin rashin ƙarfi kawai, domin saniya mai "weak" tana iya tsayuwa, har ta ci. Mai "limp" ba a loda ta a tirela. Tana kwantawa 'yan'uwanta za su tattake ta, kafin Maiduguri ta zama mushe. A kira mahauci tun da sauran numfashi.

Af, "weak" da "week", wato sati, lafazinsu ɗaya ne. In ta waya yaronka ya faɗa, Alhaji, sa shi ya maimaita da Hausa.