Haƙoran Kwikwiyo Za Su Zube, Halinsa Ba Zai Zube Ba

Wani magidanci ya shigo asibitinmu na dabbobi da kwikwiyo ɗan wata huɗu a cikin kwali. Ƙaramar 'yarsa na biye da shi, bayan hannunta duk shatin haƙora. Ya ce, "Likita, a goge masa haƙoran nan kawai, ya addabi yara." Na ce, "Alhaji, nan da wata biyu za su zube da kansu. Halin da ya koya da su shi ne abin dubawa."

Kwikwiyo yana da haƙora 28 masu tsini kamar allura. Daga wajen wata uku suke fara zuba, zuwa wata shida ko bakwai manya 42 sun maye gurbinsu. A wannan tsakanin dasashinsa ƙaiƙayi yake yi, kuma ba shi da hannu, da baki yake taɓa komai. Don haka cizonsa wasa ne da neman sauƙi. Sai dai wasan da ake yi wa dariya yau, shi ne zai kai yaro asibiti idan kare ya girma.

Darasin farko a wurin uwarsa da 'yan'uwansa yake samu. Ya ciji ɗan'uwansa da ƙarfi, wancan ya yi ƙara, wasa ya watse. A haka yake gane iyakarsa. Shi ya sa nake roƙon masu saye kada su karɓi kwikwiyon da bai cika mako takwas ba.

Irin wannan darasin za a ci gaba da ba shi a gida. Haƙorinsa na taɓa fatarka ka ce "a'a" sau ɗaya, ka tsayar da hannunka, kada ka fizge, domin fizgar ce ke ƙara masa karsashi. Ka juya masa baya kamar rabin minti, sannan ka miƙa masa abin da aka yarda ya tauna: igiya mai kauri da aka ƙulle, ko tsumma mai tsabta da aka jiƙa da ruwan sanyi. Ya kama, ka yabe shi. A gaya wa yara idan ya kama bakin zane ko wando su tsaya cak, gudu gayyata ce a wurinsa. Kuma dokar ta zama ɗaya ga kowa. Idan Baba ya hana, yara na ba shi yatsa, aikin ya rushe.

Abin da ya fi damuna shi ne duka. Na sha ganin kare da aka ɗaure dare da rana, ana zane shi wai don ya yi zafin gadi. Tsoro ake cusa masa, kuma karen da ke tsoro shi ne mai cizon ɗan gida. Wanda ake duka saboda gurnani zai daina gurnanin, ya riƙa kai cizo ba gargaɗi. Idan ya yi gurnani, ja da baya, ka nemi dalili: abinci yake ci, ko ciwo yake ji? Kafin ya cika wata uku da rabi, ya saba da mai garuwa, da almajiri mai sallama a ƙofa, da kaji da awakin gida. Karen da ya san jama'arsa shi ke iya bambance baƙon dare.

Yarinyar nan kuwa ban bari ta tafi haka ba, domin ba a yi wa kwikwiyon rigakafin ciwon haukan kare ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar na kashe kusan mutum 59,000 a shekara, akasari a Afirka da Asiya, kuma da zarar alamunta sun bayyana, da wuya a tsira. Ana yi wa kare allurar daga wata uku, a maimaita duk shekara, kuma cibiyar binciken dabbobi ta Vom tana sarrafa ta. Duk wanda kare ya ciza ko ya yakusa, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu minti 15, a wuce asibiti ranar. Kada a tsaya shafa gashin kare ko toka. Karen kuma a killace shi kwana goma likita na lura da shi.

Bayan mako uku Alhaji ya dawo. Yarinyar ta miƙa hannu, kwikwiyon ya buɗe baki, ta ce "a'a", ya tsaya yana kallon igiyar da ke ɗaya hannunta. Alhaji ya ce, "Likita, ashe mu ne muke buƙatar koyarwar."