Yadda Ake Tayar da Ɓaure Daga Reshe a Cikin Ɗaki

Ɓauren da ake nomawa saboda 'ya'yansa, wanda masana tsirrai suke kira Ficus carica, asalinsa yammacin Asiya ne da ƙasashen gabashin Bahar Rum, kuma shi ne aka ambata a farkon Suratut Tin. Danginsu ɗaya da ɓauren daji da durumi da cediya da gamji, sai dai bai kai su girma ba, ganyensa mai yatsu ne, kuma yakan kaɗe shi idan sanyi ya shigo. Turkiyya ce kan gaba wajen nomansa, musamman lardin Aydin da ya yi suna wajen busasshen ɓaure. Masar da Maroko da Aljeriya ma suna cikin manyan masu noma shi. A duk waɗannan wurare ba iri ake shukawa ba, reshe ake dasawa. Dalili kuwa, ƙwayar ɓaure ba ta da alƙawari. Idan ta tsiro, sau da yawa albasa ba ta yin halin ruwa, wani lokaci ma sai a reni itacen shekaru a tarar 'ya'yansa ba sa ciwuwa. Reshe kuwa uwar ce da kanta aka raba, don haka ɗanɗanonta da launinta da lokacin nunarta duk zai biyo. Dabarar ta daɗe ƙwarai. A shekarar 2006 masu binciken kayan tarihi sun ba da rahoton wasu 'ya'yan ɓaure marasa ƙwaya, masu kimanin shekara 11,400, da aka tono a Gilgal kusa da Yariko, suka ce itace irin wannan ba zai yaɗu ba sai mutane ne suke dasa rassansa.

Tayar da reshe a cikin ɗaki al'ada ce ta ƙasashe masu tsananin hunturu, irin su arewacin Turai da Kanada da arewacin Amurka. A can ƙasa takan daskare daga Disamba zuwa Maris, rani kuma gajere ne. Wanda ya jira sai gari ya yi ɗumi kafin ya kafa reshe a waje ya yi asarar wata biyu ko uku, itacen kuma zai shiga sanyi na gaba yana ɗanye. Shi ya sa ake fara aikin a ɗaka tun a Janairu ko Fabrairu, ta yadda kafin sanyi ya wuce an riga an sami ɗan itace mai saiwa da ganye.

Kafin a taɓa almakashi sai a san wane irin ɓaure ne. Akwai wanda ba ya riƙe 'ya'ya sai wani ɗan ƙwaro mai suna Blastophaga psenes ya shiga cikinsu da garin furen namijin ɓaure. Irin Smirna, wanda Turkawa suke busarwa, yana cikin waɗannan. Inda babu ƙwaron, 'ya'yan sai su kai girman goro su zube. Wanda ya dace da mai tukunya a gida shi ne irin da ke nuna ba tare da barbara ba, kamar Brown Turkey da Celeste da Black Mission da Violette de Bordeaux, ko Chicago Hardy wanda ya fi sauran jure sanyi. A kuma dubi lafiyar uwar tun tana da ganye. Idan ganyenta na da dabbare-dabbaren rawaya kuma yana murɗewa, mai yiwuwa tana ɗauke da cutar nan ta bairos da ta zama ruwan dare a cikin ɓaure, wadda ke bin reshe duk inda aka kai shi. Cutar ba ta cika kashe itace ba, amma idan akwai zaɓi gara mai lafiya.

Ana yanka ne lokacin da itacen yake barci, wato bayan ganye ya kaɗe, kafin sabon toho ya motsa. Reshen da ake nema shi ne wanda ya fito a shekarar da ta gabata, ya yi ƙwari, ɓawonsa ya koma ruwan ƙasa ko ruwan toka. Kaurinsa ya zama tsakanin na fensir da na babban yatsa, tsawonsa santimita 15 zuwa 25, da gaɓa uku ko huɗu, kowace da idonta. Sirirai sukan bushe kafin su yi saiwa, domin abincin da ke cikinsu kaɗan ne, kuma a makonnin farko da shi kaɗai sandar da aka yanko take rayuwa. A yanke ƙasan dab da ƙarƙashin gaɓa, saman kuma a bar kamar santimita 2 bisa idon ƙarshe. Masu aikin sukan yi yankan ƙasa a miƙe, na sama a karkace, don kada kai da gindi su rikice. Tabon tsohon ganye ma yana nunawa: kullum ido yana samansa. Farin ruwan da ke fita daga yankan abin kiyayewa ne, don idan ya taɓa fata rana ta buge shi yakan sa ƙuna har da bororo. A sa safar hannu, ko a wanke hannu da sabulu nan take.

Idan ba a shirya dasawa ba, ana iya ajiye sandunan. Sai a naɗe su da leda, a rubuta sunan irin a jiki, a sa a ƙasan firji inda ake ajiye kayan miya, ba wajen ƙanƙara ba. A haka sukan yi wata biyu ko uku lafiya lau. Ta wannan hanya ce masu sha'awar ɓaure suke musayar iri ta gidan waya a lokacin sanyi, ko da yake ƙasashe da yawa sun hana shigo da reshe daga waje sai da takardar shaidar lafiyar tsiro.

Ranar dasawa a fara da wanki. A goge sandar da ruwan sabulu da tsohon buroshin haƙori, a tsoma ta na minti ɗaya ko biyu cikin ruwan bilic, kashi ɗaya cikin kashi tara na ruwa, a ɗauraye, a bari ta sha iska. Wannan yana rage funfuna. Sannan a sabunta yankan gindi da wuƙa mai kaifi har a ga kore da fari, a ɗan kankare ɓawon gefe ɗaya kamar tsawon santimita 2. Wasu sukan tsoma gindin cikin maganin fito da saiwa, na gari ko na ruwa, wanda ke ɗauke da sinadarin IBA. Yana hanzarta abin, amma ɓaure ba ya cikin itatuwan da suka dogara da shi, kuma idan ya yi yawa ƙona ɓawon yake yi. Abin da ya fi shi amfani shi ne rufe rabin sandar da zai tsaya a sama, ko dai da siririn tef ɗin aure-itace mai miƙewa irin su Parafilm, ko a ɗiga narkakken kyandir a kan yankan. Iskar ɗakin da ake ɗumamawa busasshiya ce ƙwarai, tana tsotse sanda daga sama tun kafin ƙasa ta fara aiki. Idan da tef aka naɗe, zagaye ɗaya ya isa a kan ido, toho zai huda shi da kansa.

Ƙasar lambu ba ta shiga wannan aiki. Tana da nauyi, tana riƙe ruwa, kuma takan zo da ƙananan tsutsotsin da ke kumbura saiwar ɓaure. Abin da aka fi amfani da shi shi ne niƙaƙƙen zaren ɓawon kwakwa a gauraya da farin dutsen nan mara nauyi da ake kira falait, rabi da rabi, ko kuma a haɗa shi da yashi mai tsakuwa da aka wanke. A nan ne yawancin masu farawa suke kuskurewa, domin sukan ɗauka sanda ruwa take so. Sandar da ba ta da saiwa ba ta da bakin sha. Damshi kawai take bukata da iska. Gwajinsa a hannu yake: a damƙi haɗin a matse da ƙarfi. Idan ruwa ya tsiyayo ta tsakanin yatsu, ya yi yawa, sai a ƙara busasshe. Idan ya dunƙule ba tare da ɗigo ba, kuma ya warwatse da an taɓa shi da yatsa, to ya yi daidai.

Mazubi mafi kyau shi ne dogon kofin roba mai garai-garai, mai cin kamar rabin lita, a huda gindinsa da gefensa wuri biyar ko shida. Amfanin garai-garai ɗin shi ne a ga saiwa ba tare da an tono ba. A cika kofin, a yi rami da fensir, a zura sandar har gaɓa biyu su nitse, ɗaya ko biyu su tsaya a sama, kuma kada gindinta ya taɓa ƙasan kofin, inda ruwa ke kwanciya. A danna gefe a hankali. Wasu sun fi son siririyar leda maimakon kofi: su cika ta da haɗin, su sa sandar, su ɗaure bakin da kyauro a jikinta, su huda ƙananan kafofi. Wannan ba ya bukatar ban ruwa sai bayan makonni, shi ya sa masu tayar da sanduna da yawa suke son sa.

Daga nan sai zancen zafi. Saiwa ta fi fita idan haɗin yana tsakanin digiri 21 zuwa 26 a ma'aunin Salshiyas. Ƙasa da 18 abin yakan yi nawa har ruɓa ta riga shi, sama da 30 kuma sandar dahuwa take yi. Ana sayar da tabarmar lantarki ta musamman da ake ɗora kofuna a kai, wadda gara a haɗa ta da na'urar daidaita zafi, amma saman firji ko kanta kusa da bututun ɗumama ɗaki yakan wadatar. Abin da ake so shi ne gindi ya fi kai ɗumi. Idan iskar ɗakin ta fi haɗin zafi, ido ne zai riga farkawa. Haske bai zama dole ba tukuna, rana kai tsaye ma illa ce.

A mako na biyu ko na uku za a ga wasu fararen ƙuraje a ɓawon da ke cikin damshi. Ba funfuna ba ce, kafofin numfashin ɓawon ne suka kumbura, alama ce sandar tana da rai. Saiwa takan bayyana a jikin kofi tsakanin mako uku zuwa shida, fara fat, mai kauri, mai saurin karyewa. Wasu iri sukan kai wata biyu. A tsakanin nan ganye kan yaudari mutum. Sanda tana iya fitar da ganye biyu ko uku masu kyau da ɗan guzurin da ke cikinta alhali ko zare ɗaya na saiwa babu. Mai ita ya ga kore ya yi murna, ya ƙara ruwa, ya kai ta taga, bayan kwana kaɗan ganyen ya yi yaushi. Ganin yaushi sai ya sake zuba ruwa, nan kuwa gindin ya riga ya yi laushi, ɓawon yana saɓulewa, yana tsami. Maganin wannan shi ne a riƙa ɗaga kofin ana jin nauyinsa. Muddin da nauyi, kuma akwai raɓa a jikin robar daga ciki, a ƙyale shi. Idan ya yi sakayau, a zuba cokali biyu ko uku ta gefe, ba a jikin sandar ba. Kada kuma a jawo ta don a duba, sabuwar saiwa ba ta jure ko girgiza. Idan ganye ya riga saiwa, a kifa leda a kai don rage bushewa, ana buɗewa kullum iska ta shiga. Ƙananan 'ya'yan da kan fito a wannan lokaci a tsinke su.

Funfuna idan ta fito a saman sanda sai a goge ta da auduga da ɗan ruwan bilic mai rauni, a ƙara iska. Wanda ya fi ta ɓarna shi ne wani ɗan baƙin ƙuda mai kama da sauro, wanda ke yin ƙwai a jiƙaƙƙen haɗi, tsutsarsa kuma ta cinye sabuwar saiwa. Takarda mai gam mai launin rawaya tana kama manyan, barin saman haɗin ya bushe kuma yana hana su hayayyafa.

Da zarar saiwa ta bayyana kuma ganye ya buɗe, haske ya zama wajibi. A kai kofin taga mai kallon kudu, ko a sa shi ƙarƙashin fitilar reno na awa 12 zuwa 16 a rana, in ba haka ba tohon zai yi tsawo ya yi siriri ya faɗi. A zura kofin cikin wani mai duhu don kare saiwar. Haɗin kwakwa ba shi da abinci, saboda haka a fara ba da takin ruwa, rubu'in abin da aka rubuta a kwalba. Ba a gaggawar sauya mazubi. Sai saiwa ta zagaye kofin, ta yi rassa, ta fara komawa ruwan ƙasa, ta yadda haɗin zai fito a dunƙule. Idan ya ƙi fita, gara a tsaga kofin da almakashi. Sabuwar tukunya ta zama mai cin lita 3 zuwa 4 kawai, domin babbar tukunya tana tara ruwan da ƙaramar saiwa ba za ta iya shanyewa ba, kuma da yawa daga itatuwan da suka tsallake matakin farko a nan suke mutuwa.

Fitarwa waje sai an tabbata daren ƙanƙara ya wuce, wanda a yawancin waɗannan ƙasashe yakan kama Afrilu ko Mayu. Ganyen da ya girma a ɗaka bai san rana ba, yini ɗaya ya isa ya ƙone shi fari. A fara da inuwa inda babu iska mai ƙarfi, sannan ranar safe ta awa ɗaya ko biyu, ana ƙarawa a hankali har kwana goma ko mako biyu. Bayan nan ɓaure yana son rana iyakar samunta, ga shan ruwa sosai idan yana cikin tukunya. Itacen da ya samu kulawa yakan kai mita ɗaya a shekararsa ta farko, wani ma har ya ɗora 'ya'ya, amma gara a cire yawancinsu don ƙarfin ya tafi ga saiwa da gangar jiki. Idan kaka ta yi ganye ya kaɗe, sai a mayar da tukunyar gareji ko ɗakin ƙasa mai sanyi wanda ba ya daskarewa, ana ɗan jiƙa ta sau ɗaya a wata. A shekara ta biyu ko ta uku ake fara cin 'ya'ya na sosai, kuma rassan da aka rage wa itacen a hunturun sun isa a tayar da wasu.