Gyaran Sitiyarin Injin Wasan Tseren Mota

Jawabin kimiyya na yau a kan tsofaffin injunan wasan tseren mota ne, irin waɗanda a ke jefa musu kwabo, mutum ya kama sitiyari yana tuƙa wata 'yar mota a kan allo. Kamfanin Atari na Amurka ya fito da Gran Trak 10 cikin 1974. Daga Japan kuwa Namco ya fito da Pole Position cikin 1982, Sega ya biyo baya da Out Run cikin 1986. Yanzu kayan gyaransu sun yi wuya ƙwarai, saboda haka makanikin da ya yi gaggawa ya kan lalata abin da ba shi da madadi.

Abu na farko shi ne a san irin sitiyarin, gama iri biyu ne. Idan yana juyawa ba iyaka, kamar na Pole Position, da haske ya ke aiki. A gindinsa akwai faifai mai tsaga-tsaga, yana wucewa tsakanin 'yar fitila da idanun lantarki guda biyu. Injin yana ƙirga sau nawa hasken ya katse, ya san nisan juyin. Idon da ya riga ɗan'uwansa ganin haske kuma, shi ke nuna ko dama a ka yi ko hagu. To, idan motar tana karkarwa, ko tana bin gefe ɗaya kaɗai, galibi ido ɗaya ne ya makance. Sau da yawa ƙura ce kawai, irin ta hamadar Riyad ko ta hunturun Kano, sai a goge da auduga da sifirit. Idan motar ba ta juyawa sam, sai a duba ko wuta tana isa fitilar. Kada a ce ta mutu don ba a ga haskenta ba, domin irin hasken nan idon mutum ba ya ganinsa.

Iri na biyu shi ne wanda ya ke tsayawa a dama da hagu, ya komo tsakiya da kansa, kamar na Out Run. Wannan yana juya fotenshiyomita, watau ɗan'uwan abin ƙara murya na rediyo, mai ƙafa uku. Ƙafafun gefe su ke ɗauke da wuta bolt 5, ta tsakiya kuwa tana ɗibar rabo gwargwadon juyin sitiyari. Idan sitiyari yana tsakiya, ya kamata mita ta nuna kimanin bolt biyu da rabi. Injin ya kan mayar da wannan lamba tsakanin 0 da 255, tsakiyarta 128.

Motar da ke janyewa gefe alhali sitiyari yana tsakiya, alama ce sukurun giya ya kwance, fotenshiyomita ta goce. Sai a daidaita, a ɗaure. Motar da ke zabura ba dalili, gawayin da ke ciki ne ya cinye ko ya yi datti. A kashe wuta, a cire wayoyinta, a auna: tsakanin ƙafafun gefe a sami om 5,000, allurar mita kuma ta tafi sannu ba tsalle yayin da a ke juyawa. Motar da ta manne gefe ɗaya ta ƙi dawowa, a nemi wayar da ta tsinke ko dalmar da ta saki.

Sai an gama duk wannan kana a zargi babban fanel, gama shi ya fi tsada, taɓa shi kuwa shi ya fi hatsari.

Akwai gargaɗi guda. Allon waɗannan injuna irin na tsohuwar talabijin ne, yana aiki da bolt dubbai, yana kuma riƙe wuta ko bayan an kashe shi. Wanda bai koyi sauke wutar ba, kada hannunsa ya kusanci jar wayar da ke bayan allon. Rigakafi ya fi magani.